A bar 'yan majalisa su yi musun fim

Duk wanda ya saba zaman majalisa ya san irin kallon da dattijo mai wucewa yake yi wa matasa idan ya ji abin da suke ɗaga jijiyar wuya a kai. Da siyasa ce, da ya tsaya ya sa baki. Da ƙwallo ce, da ya girgiza kai ya wuce, don an riga an saba. Amma fim? Ƙarti da gemunsu, wasu ma da iyali, sun zauna suna rantse-rantse a kan ko ya dace wata yarinya da babu ita a duniya ta koma gidan wani miji da shi ma babu shi. Hukuncin da aka saba yankewa gajere ne: zaman banza, rashin aikin yi. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Musun nan da ake yi don nishaɗi, a bakin shago ko teburin mai shayi ko ɗakin kitso, shi ne kusan kaɗai sharhin fim na gaskiya da muke da shi a ƙasar Hausa, kuma masu shirya fim sun fi kowa buƙatarsa, ko da yake su ne ba sa zuwa su ji.

Hirar nan ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, daga baya su Palace da Plaza da Orion da El Dorado da Marhaba suka biyo baya, galibi a hannun 'yan kasuwar Labanan, kuma galibi fili ne babu rufi, sai duhu ya yi ake kunna fim. Da fina-finan Indiya suka shigo suka kankane kasuwa, sai ga ɗaruruwan mutane sun zauna awa uku suna bin labari a harshen da ba sa ji. Da ido suke fahimta, da maimaita kallo, sannan da musu. Ana tashi ake fara haɗa labarin a kan hanya. Wannan ya ce wanda ya mutu wan jarumar ne, wancan ya ce haba, kawunta ne, ba ka ga ta sunkuya ta taɓa ƙafarsa ba? Kafin a isa unguwa an daidaita. Washegari wanda bai samu kuɗin shiga ba zai sha labarin daga bakin wanda ya shiga, har da ƙarar naushi da kukan uwa. Matan aure da 'yan matan gida ba sa zuwa silima, don wurin ba shi da suna mai kyau, saboda haka ta bakin ƙanne da 'ya'ya fim yake shiga cikin gida, kafin talabijin da kaset su kai shi da kansu.

A irin wannan zama aka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, aka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Ba jarida ce ta ba su ba. Wanda kuwa ya iya taƙaita aikin ɗan wasa na shekara da shekaru a kalma biyu zuwa huɗu, har kowa ya ji ya ce tabbas haka yake, ba za a ce bai kalli fim da hankali ba. Ko yara sun fitar da tasu doka: akta ba ya mutuwa, bos kuma sai a ƙarshe. Idan wani fim ya karya ta, kamar Sholay na 1975 da Amitabh Bachchan ya mutu a ƙarshensa, to musu ya samu. Wa ye aktan gaskiya, wanda ya mutu ko wanda ya rayu? Yaron da yake wannan tambaya ya gane cewa labari yana da gini, kuma ya lura an taɓa ginin.

Daga cikin waɗannan 'yan kallo masu surutu masana'antarmu ta fito. 'Yan ƙungiyar Tumbin Giwa da suka yi Turmin Danya a 1990 'yan wasan kwaikwayo ne na Kano da suka taso da kallon Indiya da wasannin talabijin irin na su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Da Sangaya ya fito ya yi kasuwar da ba a saba gani ba, rawa da waƙa suka zauna daram, wankiya kuma ta yi yawa: a ɗauko fim ɗin Indiya sukutum, a cire wa mutanen ciki sari a sa musu atamfa. Wa ke kama mai wankiya? Ba hukuma ba. Wani ne a majalisa da ya kalli na asalin tun yana yaro zai ce, «Ku dakata, wannan ai na san shi. Nan gaba kaɗan za a gano cewa direban nan shi ne ɗan Alhajin da ya ɓata.» Idan aka kai wurin aka ga haka ne, fim ɗin ya zube a unguwar baki ɗaya, ko nawa aka kashe a tallarsa.

An yi lokacin da sharhi yake da gida a rubuce. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, inda sunan Kannywood ya fara fitowa, da mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, sun ba masu kallo fili, ana rubuto wasiƙu ana yabo ana suka. A jami'a kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu da wasu sun yi aiki mai yawa a kan fim ɗin Hausa, sai dai mafi yawansa da Turanci ne, a littattafan da mai kallo ba zai taɓa gani ba. Yau idan ka duba abin da ake yaɗawa da sunan labarin fim a waya, rabi talla ce, rabi hoton jaruma ranar zagayowar haihuwarta. Wanda zai zauna ya ce labarin nan ya karye a tsakiya, ga kuma dalili, sai an tona. Abin da ya rage shi ne baki, kuma bakin bai mutu ba.

Wani dare a teburin mai shayin unguwarmu aka ɗauko zancen wani fim mai dogon zango da kowa ke bi a lokacin. Tela ne ya fara.

«Ni fa abin da ya fitar min da shi daga rai kayan yarinyar nan ne. An ce marainiya ce, kishiyar uwa na gana mata azaba, sai ta gama wanke-wanke ake ba ta ƙanzo. To leshin da ke jikinta, wallahi kuɗin ɗinkinsa kawai ya fi albashin Malam. Kuma kullum sabo, ga jagira ga jan-baki, wai tana tuƙa tuwo.»

Aka kwashe da dariya, har da Malam ɗin, wanda yake koyarwa a firamare. Wani ma'aikacin lafiya ya ce shi asibitin ne ya kashe shi: an rataye ledar ƙarin ruwa, robar tana reto ba ta haɗu da hannun kowa ba, likita ya fito ya cire tabarau ya ce sai dai haƙuri. Sai Malam ya ajiye kofinsa.

«Duk kun bar babban kuskuren. Mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya, 'yan'uwansa sun zo sun kore ta da ƙullin kayanta, an tafi a haka kashi bayan kashi babu wanda ya ce a je wurin alƙali. Ina tumuninta? Matar da mijinta ya bar 'ya'ya, ɗaya bisa takwas nata ne. Kuma muddin akwai ɗa namiji, 'yan'uwan mamaci ba su da ko allura.»

Mai shayi, wanda tun ɗazu yake fifita wuta bai ce komai ba, ya ce, «Allah gafarta Malam, ai a nan ne ma fim ɗin ya yi gaskiya. Kai kana faɗin abin da littafi ya ce, su sun nuna abin da ake yi. Ƙanwar mahaifiyata haka aka yi mata. Har ta koma ga Allah ba ta taka ƙofar kotu ba, don an ce mata abin kunya ne mace ta kai dangin mijinta ƙara.»

Malam bai janye ba. Ya ce ya ji, a nuna zaluncin, amma da marubucin ya san aikinsa da ya sa ko mutum ɗaya a cikin labarin ya faɗi haƙƙin matar, ko da za a danne shi, don mai kallo ya san zalunci aka yi ba ƙaddara ba. Tela ya ce idan aka yi haka kuma an koma wa'azi. Aka rabu a kan haka, kowa da nasa.

A duba abin da ya faru a wannan zama da bai ci kowa komai ba sai kuɗin shayi. Kowa ya kawo sana'arsa ya auna fim da ita, kuma kowane kuskure da aka kama na gaske ne, wanda darakta zai iya gyarawa ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Sannan musun ya gangara da kansa zuwa tambayar da masana suke cika littattafai a kanta, wato ko aikin fim ya nuna rayuwa yadda take, ko yadda ya kamata ta kasance. Babu wanda ya shirya zuwa nan. Dariyar leshi ce ta kai su.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Mai shayin nan mun yi shekaru muna zama da shi, bai taɓa ɗauko zancen ƙanwar mahaifiyarsa ba sai ranar. Mu mutane ne masu kunya da kara, kuma ba na ganin haka a matsayin aibi. Amma kunya tana rufe ƙofofi da yawa. Rabon gado, saki, kishi, auren dole, cutar da ake ɓoyewa, ɗan da ya lalace da ƙwaya, duk abubuwa ne da suke cin gidaje, kuma ba a zama a buɗe su haka kawai. Fim yana ba mu aron mutane da za mu yi maganar a kansu. Yarinya ba za ta dubi idon mahaifiyarta ta ce ba ta son wanda Baba ya zaɓa mata ba. Amma suna zaune suna kallo tana iya cewa, «Umma, wannan uban dai bai kyauta ba, ko tambayarta bai yi ba.» Uwa mai hankali ta ji saƙon. A ɗakin kitso za ka ji ana ce wa juna, «Yaya, wallahi da ni ce uwargidan nan ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba,» wata ta ce, «Ke dai yi shiru, yara biyar ina za ki kai su?» Sunan uwargidan fim ake kira, amma kowace ta san da wa ake. Haka abin yake a majalisar Fagge, haka yake a fadar samarin Maraɗi ko Damagaram, don fim ɗaya ake kallo kuma damuwa ɗaya ce.

Masu sukar zaman suna da abin faɗa, ban ce ba su da shi ba. Akwai wanda zai kwana kallo ya makara sallar asuba, akwai ɗalibin da ya san jerin matan da jarumi ya aura a fim amma bai san darasin gobe ba. Sai dai wannan laifin rashin tsara lokaci ne, kuma ƙwallon Turai ta fi fim cin lokacin samarinmu ba a ce a daina zancenta ba. Abin da ya fi damuna daban ne: hirar da kanta tana ƙanƙancewa, ana matse ta zuwa tambaya ɗaya tak, wato fim yana ɓata tarbiyya ko yana gyara ta.

Ba daga sama wannan ya faɗo ba. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai. A 2007 wani bidiyon tsiraici na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, aka yi wa masana'antar kuɗin goro, aka tsayar da aiki na watanni, aka naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, wasu 'yan fim suka sha ɗauri, wasu suka kwashe kayansu zuwa Kaduna. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka hau mumbari, aka janye shirin. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a tashi ɗaya, ta ce ba a kawo su an tace ba kafin a sake su. Shekara ashirin da biyar ke nan duk wata babbar magana da aka yi a kan fim a bainar jama'a maganar izini ce: a bari ko a hana.

Su kuma 'yan fim suka koyi amsa ɗaya. Ka saurari hira da kowane ɗan wasa a rediyo, kafin minti biyu zai ce su faɗakarwa suke yi. Ban taɓa jin wanda ya fito ya ce shi labari yake son bayarwa mai daɗi ba, kamar hakan abin kunya ne. Kalmar ta zama garkuwa. A yi fim babu kai babu gindi, a cika shi da falo da mota da leshi, a kashi na ƙarshe a kawo wani dattijo da carbi ya yi nasiha ta minti biyar, shi ke nan an faɗakar. Wanda ya ce bai yi daɗi ba a ce masa ai akwai darasi.

Ni ba na cikin masu cewa a rushe hukumar tacewa. Al'umma tana da ikon ta ce ga iyakar abin da za a nuna wa 'ya'yanta. Amma a san iyakar aikin. Ma'aikacin da ke duba nama a mahauta yana tabbatar da cewa dabbar lafiyayya ce kuma an yanka ta yadda ya dace, ba shi zai gaya maka ko miya ta yi daɗi ba. Hukuma tana iya cewa rigar nan ta matse, a cire fitowar. Ba ta da hurumin cewa labarin ya yi sanyi, ko jarumin nan fuska ɗaya yake yi ko an yi masa albishir ko an yi masa rasuwa, ko kiɗan ya danne magana. Waɗannan kuwa su ne suke raba fim mai kyau da maras kyau. Idan majalisa ma ta koma tana tambayar da hukuma take yi, to babu sauran mai tambayar ɗaya ɓangaren.

Ɗaya cutar ita ce gulma. Sau da yawa za a fara da fim, kafin a ankara an koma kan auren jarumar da ya mutu, da motar da aka ce wani ya saya mata, da wanda ba ya ga-maciji da wane a masana'anta. Wannan ba sharhi ba ne, cin naman mutane ne, kuma a nan dattijo mai wucewa yana da gaskiya. A waya abin ya fi muni. A majalisa kana musu da mutumin da gobe za ku haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, don haka ko an ɗaga murya akwai inda ba a wucewa. A Facebook da TikTok kuwa da baƙo kake yi, kuma an rabu rukuni-rukuni, yaran wane da yaran wane. Ka ce fim ɗin gwaninsu ya yi tsawo, a zagi iyayenka. Ka ce wani fim ya burge ka, wani ya tambaye ka ko kana sallah. Mutane da yawa masu ido da basira sun yi shiru saboda haka, sun bar ra'ayinsu sai a cikin abokai.

Kuma abin takaici, yanzu ne aka fi buƙatar bakinsu. Kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai da ta riƙe masana'antar shekaru ta durƙushe, fim ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, ya zama mai dogon zango. Tsarin yana da alherinsa, ya ba marubuta fili su gina mutum a hankali, kuma an samu ayyukan da suka fi na da tsari da ma'ana. Amma ya zo da jarabar jan lokaci, don yawan mintuna da yawan kashi su ne kuɗi. Alhaji zai fito daga ɗaki, mu bi shi har mota, maigadi ya buɗe ƙofa, motar ta fita, maigadi ya rufe ƙofa, mu bi ta kan titi da kiɗa, ta isa wani gida, wani maigadin ya buɗe. A shiga falo a gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya muka ji da zafi. Sannan a ce, dama wata magana ce ta kawo ni, sai a rubuto mu haɗu mako mai zuwa. A majalisa an daɗe da yanke wa wannan hukunci da jimla ɗaya: sun cinye mana data. Wanda ya sayi data da kuɗin guminsa ya fi kowane masani sanin inda fim ya tsaya cik.

A tuna kuma da abin da ya faru da Indiya-Hausa. Da su Algaita suka fara juya fina-finan Indiya zuwa Hausa, musamman na kudancin ƙasar masu faɗa da gudu, 'yan fim sun yi ta kukan ana kashe musu kasuwa, wasu har da kiran a hana. Masu kallo ba su ƙi nasu don rashin kishi ba. Sun sami labari mai tafiya, da masu fassara masu barkwanci da ke sa ɗan sandan Indiya ya yi magana kamar ɗan Kurna, suka bi. Da an saurari abin da ake faɗa a bakin shaguna tun kafin lokacin, da an ji ƙorafin: labari ɗaya ake ta juyawa, soyayyar ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, kishiya da boka.

Akwai wani mai sharhi da ba a lissafa shi, shi ne yaron da ke tura fim a waya. Yana zaune a ɗan kes ɗinsa da kwamfuta da tarin wayoyin caji, mutum ya miƙa masa memori ya ce, «Zuba min masu kyau.» Shi zai zaɓa. Zai ce wannan kar ka ɓata wurinka, wancan kuwa sai ka dawo neman ci gabansa. Ba ya faɗin haka don son wani darakta, yana faɗa ne don idan ya zuba maka shirme gobe wurin maƙwabcinsa za ka je. Ra'ayinsa kuma daga ina? Daga abin da masu dawowa suke gaya masa. 'Yan fim suna ganinsa a matsayin ɓarawon guminsu, kuma ta fuskar haƙƙin mallaka suna da hujja. Amma babu wanda ya kai shi sanin abin da unguwa take so da abin da ta gaji da shi.

Wani zai ce to a ɗauki hirar nan a tsara ta, a yi mata taro a otal da babban baƙo da jawabin godiya. Ina roƙon kada a yi. Daɗinta da amfaninta duk suna cikin rashin tsarinta. A majalisa mutum yana da damar ya yi ƙari, ya tashi ya kwaikwayi tafiyar marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu tun 2014 amma har yau maganganunsa suna yawo a bakin mutane, ya kare fim ɗin da shi kansa ya san shirme ne don kawai ya tsokani abokinsa. Ba a ba da maki, ba a jin tsoron kuskure. A cikin wannan sakewa ne mai shayi yake samun bakin gyara wa malami. Ka sa su a zauren taro da lasifika, malamin zai yi jawabi, mai shayin zai tafa.

Masana'antar ta samu girma a idon hukuma. A farkon 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya, a shekarar kuma aka zaɓi Mai Martaba, fim da harshen Hausa, ya wakilci ƙasar a neman shiga gasar Oscar. Abin farin ciki ne. Sai dai muƙami da lambar yabo ba sa gaya wa darakta cewa kashi na bakwai ya yi sanyi. Yaran gidansa ma ba za su gaya masa ba, su «Allah ya ƙara basira, Oga» suka iya, don a hannunsa suke ci. Da ni mai shirya fim ne, da duk daren da aka saki sabon kashi sai in bar ofis a Zoo Road, in ja hula, in tafi wata unguwa da ba a san fuskata ba, Ɗorayi ko Rijiyar Lemo ko Brigade, in sayi shayi da burodi in zauna a ƙarshen benci. Zan ji abin da ba zai yi min daɗi ba, wani ma zai ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa shiga kotu ba, alhali ina zaune kusa da shi. Sai in koma in nemi wanda ya san rabon gado ya duba min kashi na gaba kafin a ɗauka.